Isaac Newton: Marayan da ya kasa kiwon tumaki, ya gano dokar turi da martani

Duk wanda ya taɓa tsallaka kogin Isa cikin kwale-kwale a Yamai ya ga abin da mai tuƙi ke yi idan za a tashi. Yakan kafa gora a gaɓa ya tura da ƙarfi, sai jirgin ya sulale ya shiga ruwa. Gaɓa ya tura, amma jirgin ne ya motsa. Haka ma maharbi ya san bindiga na dukan kafaɗarsa a lokacin da harsashi ya fita, mai daka kuma ta san taɓarya na girgiza mata hannu idan ta sauka cikin turmi. Mutane sun daɗe da sanin waɗannan abubuwa a jikinsu. Wanda ya fara tara su ƙarƙashin doka guda, ya gwada ta, ya rubuta ta yadda za a yi lissafi da ita, shi ne Isaac Newton, ɗan ƙasar Ingila da ya rasu a shekarar 1727. Ɗaliban lise na haɗuwa da sunansa a darasin fizik, sai dai kaɗan ne suka san irin rayuwar da ya yi.

Maraya tun yana ciki

An haifi Newton a ƙauyen Woolsthorpe da ke yankin Lincolnshire ranar 25 ga Disamba 1642, bisa tsohuwar kalandar da Ingila ke amfani da ita a lokacin. A kalandar yau ranar ta zo daidai da 4 ga Janairu 1643. Shekara ce ta tashin hankali, domin a cikinta yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin sarki da majalisar dokoki. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Isaac, manomi ne mai rufin asiri da gonaki da tumaki, amma ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ya rasu watanni uku kafin a haifi ɗansa. Jaririn ya zo bakwaini, ɗan mitsitsi, har waɗanda suka gan shi ba su sa ran zai yi kwana ba.

Yana da shekara 3 mahaifiyarsa Hannah ta sake aure. Mijin, Barnabas Smith, limamin coci ne mai dukiya wanda ya haura shekara 60. Ta tare a gidansa a wani ƙauye na kusa, ta bar yaron a hannun kakarsa. Wannan rabuwa ta yi masa tabo. Lokacin da ya kai shekara 19 ya rubuta jerin zunuban da yake neman gafara a kansu, a ciki har da barazanar da ya taɓa yi ta ƙona mahaifiyarsa da mijinta da gidan da suke ciki. Sai a 1653, bayan rasuwar Smith, uwar ta dawo gida tare da ƴaƴa uku da ta haifa a can.

Yana ɗan shekara 12 aka kai shi makaranta a garin Grantham, inda ya zauna a gidan wani mai haɗa magunguna. Ba mai yawan abokai ba ne. Hannunsa ne ba ya zama: ya ƙera ɗan ƙaramin injin niƙa mai aiki da iska, ya yi agogon ruwa, ya zana agogon rana a jikin bango yana gane lokaci da inuwa.

A 1659 mahaifiyarsa ta cire shi daga makaranta don ya kama gona, tunda shi ne babban ɗa. Abin bai yi kyau ba. Idan aka tura shi kiwo sai a same shi a gindin shinge da littafi, dabbobi sun bazu. Har kotun ƙauye ta ci shi tara saboda tumakinsa sun yi ɓarna, aladunsa kuma sun shiga gonakin mutane. Kawunsa William Ayscough da shugaban makarantar, Henry Stokes, su suka shawo kan uwar ta bar shi ya koma karatu. Da ba su sa baki ba, da wataƙila duniya ta sami wani malalacin manomi ta rasa Newton.

Ɗalibi mai yi wa ɗalibai hidima

A watan Yuni 1661 ya shiga kwalejin Trinity ta jami'ar Kambirij. Duk da uwarsa na da hali, ya shiga ne a sahun talakawan ɗalibai, waɗanda ke rage kuɗin karatu ta hanyar yi wa malamai da ƴaƴan masu kuɗi hidima, kamar kai abinci da sauran aikace-aikacen ɗaki. Abin da jami'ar ke koyarwa a lokacin tsohon ilimin Aristotle ne, wanda ya yi kusan shekara dubu biyu ana maimaita shi. Newton ya karanta shi, amma a gefe ya duƙufa da kansa kan sababbin littattafan Descartes na Faransa, da ayyukan Galileo na Italiya da Kepler na Jamus. Cikin ɗan lokaci ya koyi lissafin zamaninsa gaba ɗaya, ya fara wuce shi.

A 1665 ya sami digirinsa na farko, a shekarar kuma annoba ta faɗa wa Ingila. A birnin Landan kaɗai ta kashe mutane kimanin 100,000. Aka rufe jami'a, Newton ya koma ƙauye. A cikin kusan shekara biyu da ya yi yawancinsu a gida, ba malami ba abokin shawara, ya aza tubalin manyan ayyuka uku. Ya ƙirƙiro sabon reshen lissafi da ake kira kalkulas, wanda ke auna abin da ke sauyawa a kowane lokaci, kamar gudun abin da ke faɗowa. Ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya nuna cewa farin haske haɗin launuka ne irin na bakan gizo. Sannan ya fara tambayar kansa ko ƙarfin da ke jawo ɗan itace ƙasa shi ne ke riƙe da wata a kan hanyarsa. Labarin tuffa da ake yawan bayarwa daga bakinsa ya fito, ya ba da shi ne bayan ya tsufa. Abin da ya faɗa shi ne ya ga tuffa ta faɗo a lambu ta sa shi tunani. Cewa ta faɗo masa a ka ƙarin gishiri ne na mutanen baya.

Neman saninsa ya kai shi ga kasada. Ya taɓa cusa wata doguwar allura marar kaifi tsakanin ƙwayar idonsa da ƙashi, yana danna idon don ya ga irin launukan da za su bayyana. Ya kuma taɓa ƙura wa hasken rana ido a madubi har sai da ya kulle kansa cikin ɗaki mai duhu na wasu kwanaki kafin ganinsa ya daidaita.

Bayan an buɗe jami'a ya koma. A 1668 ya ƙera da hannunsa madubin hangen nesa mai amfani da madubi maimakon gilashin tabarau, ɗan gajere amma mai ƙarfi. A 1669, yana da shekara 26, ya gaji malaminsa Isaac Barrow a kujerar farfesan lissafi. Ba a shaide shi da iya koyarwa ba. Ɗalibai kaɗan ne ke zuwa darasinsa, wani lokaci ma ba kowa. A 1672 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta karɓe shi, ya aika mata da bayaninsa kan haske da launuka. Robert Hooke, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyar, ya soki aikin. Newton mutum ne da ba ya jure suka. Ya yi fushi, ya ja jikinsa, ya yi shekaru yana ƙin fitar da abin da ya gano.

Ziyarar da ta haifi littafi

A farkon 1684 masana uku, Edmond Halley da Christopher Wren da Hooke, suka yi muhawara a Landan kan wata tambaya: idan ƙarfin da rana ke jan duniyoyi da shi yana raguwa sau huɗu duk lokacin da nisa ya ninka biyu, wace irin hanya duniyoyin za su bi? Wren ya sa kyautar littafi ga wanda ya kawo hujja, ba wanda ya kawo. A watan Agusta Halley ya tafi Kambirij ya yi wa Newton tambayar. Nan take ya amsa masa cewa hanyar zagaye ce mai siffar ƙwai, kuma ya riga ya yi lissafin. Ya duba takardunsa bai ga takardar ba, sai ya yi alkawarin sake yi. A watan Nuwamba ya aiko da shafi tara.

Halley ya gane abin da ke hannunsa, ya matsa masa ya faɗaɗa aikin. Newton ya shiga ɗaki ya yi kusan shekara biyu yana rubutu, yana manta abinci, barci kaɗan. Ana cikin haka Hooke ya ce shi ya fara kawo ra'ayin, a ambaci sunansa. Newton ya fusata har ya yi barazanar janye kashi na uku na littafin, sai da Halley ya yi ta lallashi. Ga kuma matsalar kuɗi: Royal Society ta ƙarar da abin da take da shi wajen buga wani littafi kan kifaye wanda bai yi kasuwa ba. Halley, wanda ba attajiri ba ne, ya biya kuɗin bugawa daga aljihunsa. A watan Yuli 1687 littafin ya fito da harshen Latin, shi ne wanda aka fi sani da Principia.

A farkon littafin Newton ya jera dokoki uku na motsi. Ta farko na cewa abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudu ɗaya, har sai wani ƙarfi ya sauya masa hali. Shi ya sa idan direba ya taka birki kwatsam fasinja ke yin gaba. Ta biyu na cewa ƙarfi shi ke sauya gudu, kuma gwargwadon nauyin abu gwargwadon ƙarfin da ake bukata kafin a sauya masa gudu. Galileo da Descartes sun share fagen waɗannan biyun. Ta ukun ce ta fi ɗaukar tambarin Newton.

Dokar turi da martani

Ma'anar dokar ita ce ƙarfi ba ya zuwa shi kaɗai. Idan abu ɗaya ya tura wani ko ya ja shi, na biyun ma yana tura na farkon ko yana jan sa, da ƙarfi daidai wa daida, ta ɓangaren da ke kishiya, kuma a lokaci guda. Ba ramuwa ce da ke zuwa daga baya ba. Tare suke farawa, tare suke ƙarewa. Misalan da Newton ya bayar da kansa na gida ne: wanda ya danna dutse da yatsa, dutsen ma na danna yatsarsa, dokin da ke jan dutse da igiya, dutsen ma na jan dokin baya.

Bai tsaya ga magana ba. Ya rataya ƙwallaye a igiyoyi masu tsawon ƙafa goma, na ƙarfe da na gilashi da na ulu, yana sakin su su yi karo, yana auna nisan da kowanne ya koma, yana cire abin da iska ta rage. Kowane karo ya nuna masa cewa motsin da ɗaya ya rasa shi ne ɗayan ya samu. A nan ya ambaci Wren da John Wallis da Christiaan Huygens na Holan, waɗanda suka riga shi nazarin karo. Don ya tabbatar dokar na aiki ko abubuwa ba su yi karo ba, ya ɗora maganaɗisu a wani ɗan mazubi, guntun ƙarfe a wani, ya sa su bisa ruwa mai kwanciya. Suka jawo juna suka haɗu, suka tsaya cik. Da ɗaya ya fi ɗaya ja, da sun ci gaba da tafiya gefe guda ba tare da kowa ya tura su ba.

Akwai tambayar da ke rikita ɗalibai a nan. Idan jaki na jan amalanke gaba, amalanke kuma na jan jaki baya da ƙarfi iri ɗaya, ta yaya ake tafiya? Amsar ita ce ƙarfin biyu ba a jiki ɗaya suke sauka ba. Ɗaya na kan amalanke, ɗaya na kan jaki, don haka ba sa kashe juna. Don a san ko jaki zai yi gaba, sai a dubi abin da ke aiki a jikinsa shi kaɗai. Amalanke na jan sa baya, amma kofatonsa na tura ƙasa baya, ƙasa kuma na tura shi gaba. Idan turin ƙasa ya fi jan amalanke, sai a tashi. Wato duk mai tafiya, mutum ko dabba ko mota, ƙasa ce ke tura shi.

Direbobin da ke ratsa rairayi sun san wannan ko ba su taɓa jin sunan Newton ba. Idan mota ta kafe, injin na da ƙarfinsa, tayoyi na juyawa, amma yashi ba ya tsayawa a tura shi, sai ya watse baya. Tunda taya ba ta iya tura shi da ƙarfi, shi ma ba ya mayar mata da turi mai ƙarfi. Shi ya sa ake rage iskar taya don ta ƙara faɗi, ko a shimfiɗa faranti na ƙarfe ko itace a ƙarƙashinta. Dalili ɗaya ne ke sa ɗan kokowa ya kafa ƙafafunsa cikin ƙasa kafin ya tura abokin karawarsa. Ƙarfin da ke tsakanin ƙirjin mutum biyun daidai yake kowane lokaci. Wanda ya fi samun madogara a ƙasa, ya fi iya karkatar da jikin ɗan uwansa, shi ke kayarwa.

Wurin da dokar ta fi shafar rai shi ne kan titi. Idan ɗan kabu-kabu ya yi taho-mu-gama da babbar motar kaya, mutane kan ɗauka motar ce ta fi dukan babur. A gaskiya ƙarfin da motar ta sauke wa babur daidai yake da wanda babur ya sauke mata. Bambancin na cikin nauyi. Ƙarfin da da ƙyar zai rage gudun mota mai tan 30, shi ne zai juya babur da mahayinsa, waɗanda ba su kai kilo 200 ba, cikin ƙiftawar ido. Haka idan kan mutum ya bugi kwalta, kwalta na mayar masa da duka daidai da wanda ya yi mata. Amfanin hular kwano shi ne tana lotsewa, tana tsawaita ɗan lokacin da kai ke ɗauka kafin ya tsaya, sai ƙarfin da ke isa ga ƙwaƙwalwa ya ragu.

Newton ya kai dokar har sama. Idan ƙasa na jan mangwaron da ya tsinko daga reshe, mangwaron ma na jan ƙasa da ƙarfi iri ɗaya. Ba ma ganin ƙasa ta motsa ne saboda nauyinta ya kai kilo 6 da sifili 24 a bayansa. Duniya na jan wata, wata na jan duniya, kuma da wannan jan ne ya bayyana dalilin cikowa da janyewar ruwan teku. Daga nan ya kai ga babbar dokarsa ta cewa kowane abu a sararin samaniya na jan kowane abu. Kafin shi ana ganin sama da dokokinta, ƙasa da nata. Shi ya nuna cewa doka ɗaya ce ke tafiyar da su.

Abin da ya ɓoye

Mutanen zamaninsa ba su san cewa lokacin da ya ba lissafi bai kai wanda ya ba wasu abubuwa biyu ba. Na farko alkimiyya, tsohon ilimin da masu shi ke neman sirrin ƙarafa har da hanyar mayar da su zinariya. Ya yi shekaru yana hura wuta a ɗakin gwajinsa, ya bar rubuce-rubuce masu tarin yawa a kai. Na biyu addini. Bincikensa cikin Littafi Mai Tsarki da tarihin coci ya kai shi ga ƙin yarda da aƙidar Triniti, abin da a Ingila ta lokacin zai iya raba shi da aikinsa. Ya riƙe abin a cikinsa har ya mutu. A 1675 ya sami izini na musamman daga Sarki Charles na Biyu na ci gaba da zama a kwalejinsa ba tare da an naɗa shi limamin coci ba. Yawancin waɗannan takardu ba su fito fili ba sai bayan da aka yi gwanjonsu a Landan a 1936.

A 1693 ya shiga wani hali na ruɗewa. Ya yi kwanaki ba barci, ya aika wa abokansa John Locke da Samuel Pepys wasiƙu yana zargin su da abin da ba su yi ba, daga baya ya nemi afuwa. Gwajin da aka yi wa gashin kansa a ƙarni na 20 ya nuna zaiba mai yawa, abin da ya sa wasu masana ke danganta ciwon da gwaje-gwajensa na alkimiyya.

Daga jami'a zuwa farautar masu jabun kuɗi

Bayan fitowar Principia, Newton ya shiga harkar jama'a. A 1687 yana cikin waɗanda suka tsaya wa jami'a a gaban yunƙurin Sarki James na Biyu na yi mata katsalandan, a 1689 kuma aka zaɓe shi ya wakilce ta a majalisar dokoki. A 1696 ya bar Kambirij ya koma Landan, aka ba shi muƙamin mai kula da gidan buga kuɗi na masarauta. Waɗanda suka riƙe muƙamin kafin shi albashi kawai suke karɓa. Shi ya ɗauki abin da gaske. A lokacin kuɗin azurfa na ƙasar sun lalace, mutane na yanke gefensu suna narkarwa, jabu kuma ya cika kasuwa. Gwamnati ta yanke shawarar karɓe tsofaffin kuɗi ta buga sababbi, Newton ya tsaya kan aikin har aka kammala.

Ya kuma zama mai bincike. Ya sa ƴan leƙen asiri a mashaya da gidajen kurkuku, ya yi wa mutane fiye da 100 tambayoyi da kansa. Babban abokin gabarsa William Chaloner ne, ƙwararren mai jabu wanda har ya je gaban majalisa ya zargi gidan buga kuɗin da haɗa baki da ɓarayi. Karon farko ya kuɓuta. Newton ya sake tara shaidu, aka yanke masa hukunci, aka rataye shi a watan Maris 1699. Wasiƙun neman tausayi da ya aiko daga kurkuku ba su sauya komai ba. A ƙarshen shekarar aka ɗaga Newton zuwa shugaban gidan, muƙamin da ya riƙe har mutuwarsa, wanda kuma ya mayar da shi mai arziki.

A 1703, bayan mutuwar Hooke, aka zaɓe shi shugaban Royal Society. A 1704 ya fitar da littafinsa kan haske, Opticks. A 1705 Sarauniya Anne ta ba shi sarautar girmamawa ta Sir.

Mulki ya fito da wani gefe na halinsa. Ya matsa aka buga bayanan taurari na John Flamsteed a 1712 ba da yardar mai su ba, har daga baya Flamsteed ya sami kwafi 300 cikin 400 ya ƙona. Rikicinsa mafi muni da Gottfried Leibniz na Jamus ne, kan wanda ya fara gano kalkulas. Newton ya riga shi ganowa amma bai buga ba, Leibniz ya gano da kansa ya buga a 1684. Da Leibniz ya kai ƙara gaban Royal Society, Newton ya kafa kwamiti, ya rubuta rahoton kwamitin da hannunsa a ɓoye, rahoton ya ba shi gaskiya. Ya zama shi ne mai ƙara shi ne alƙali. Masana tarihi a yau sun yarda kowannensu ya gano nasa ne daban, kuma alamomin Leibniz ne ɗalibai suka fi amfani da su. A 1720 kuma gwanin lissafin ya tafka asarar dukiya mai yawa a hannun jarin kamfanin South Sea da ya durƙushe.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Newton bai taɓa aure ba. Ƴar ƙanwarsa Catherine Barton ce ta daɗe tana kula masa da gida. Ya rasu a Kensington ranar 20 ga Maris 1727 bisa tsohuwar kalanda, yana da shekara 84, aka binne shi a Westminster Abbey, inda ake binne sarakuna a lokacin. Bai bar wasiyya ba, aka raba dukiyarsa tsakanin ƴaƴan ƴan uwansa.

Bayan mutuwarsa lissafinsa ya ci gaba da cin jarrabawa. Halley ya yi amfani da shi ya ce wata tauraruwa mai wutsiya za ta dawo wajen 1758, ta kuwa dawo. A 1846 masanin Faransa Urbain Le Verrier ya lissafa inda wata duniya da ba a taɓa sani ba take, aka duba aka ga Neptune. Fassarar Principia zuwa Faransanci kuwa aikin wata mace ce, Émilie du Châtelet, wadda ta kammala shi gab da rasuwarta a 1749.

Duk da haka dokar ta uku ta ci gaba da rikita har masu ilimi. A watan Janairu 1920 jaridar New York Times ta yi wa masanin Amurka Robert Goddard ba'a, tana ganin roka ba za ta yi tafiya a sararin da babu iska ba tunda ba abin da za ta tura. Jaridar ce ta yi kuskure. Roka ba iskar waje take turawa ba. Tana tura hayaƙinta mai zafi baya, hayaƙin na tura ta gaba, kamar yadda balan-balan ke tsere idan aka sake bakinsa. Jaridar ta buga gyara ranar 17 ga Yuli 1969, kwana ɗaya bayan kumbon Apollo 11 ya tashi zuwa duniyar wata. Da wannan turi ne ake harba taurarin ɗan adam da ke kawo tashoshin talabijin a faranti, da waɗanda ke nuna wa matafiyi inda yake a taswirar wayarsa.

A 1905 da 1915 Albert Einstein ya nuna cewa dokokin Newton na da iyaka, suna bukatar gyara idan gudu ya kusanci na haske ko jan ya yi tsanani sosai. Amma wajen gina gada, ƙera mota, ko tashin jirgin sama, da su injiniyoyi ke aiki har gobe. Ma'aunin ƙarfi na duniya ma sunansa yake ɗauke da shi: newton ɗaya ya yi kusan nauyin abu mai giram 100 a tafin hannu, kamar ƴar ƙaramar tuffa. Gidan da aka haife shi a Woolsthorpe na nan har yau, baƙi na zuwa ganinsa, da tsohon itacen tuffa a gabansa da gonakin da ya kasa kula da su.